Yadda Ake Auna Tasirin Homon a kan Katekolamin a Jikin Ɓera

Katekolamin suna ne da ya tattara adirinalin da noradirinalin da dofamin, wato sinadaran da ke ƙara bugun zuciya da hawan jini idan dabba ta firgita, kuma inzayim biyu ne ke rushe su bayan sun gama aiki: MAO, wanda Mary Hare ta gano a Kambirij a 1928, da COMT, wanda Julius Axelrod ya gano a Amurka a 1957. Abin da mai bincike ke son sani shi ne ko homon, wato saƙon da wata gaɓa ke turawa ta jini, yana sauya wannan rushewa.

Da farko ana zaɓen fararen ɓeraye irin Wistar, waɗanda ake kiwatawa a ɗakunan bincike kamar na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, a raba su rukuni-rukuni masu shekaru da nauyi ɗaya. Rukuni guda ana zuba masa furofiltayoyurasil a ruwan sha domin a danne tayirod, gaɓar wuya da kumburinta ke zama maƙoƙo, wani kuma a yi masa allurar tayiroksin, homon ɗin da tayirod ke samarwa, har ya yi yawa. Ta fuskar jinsi, ana dandaƙe maza, a cire wa mata gidan ƙwai, sannan a mayar wa wasunsu testosteron ko estirojin ta allura, domin sai sauyin ya gushe da dawowar homon za a ɗora masa alhakinsa. Dole a bar rukunin da aka yi wa tiyata ba a cire komai ba, domin a kwatanta sauran da shi.

Ɗibar samfuri ita ce matakin da ya fi buƙatar natsuwa, domin kama ɓera da hannu kaɗai yana cika jininsa da adirinalin cikin daƙiƙoƙi, kuma macen ɓera tana zagaya yanayin homon ɗinta duk kwana 4 zuwa 5, sai an san ranar da take ciki. Ana cire zuciya da hanta da adirinal da ke saman ƙoda, a daskarar da su nan take, a niƙa su cikin asid, na'urar HPLC ta rarrabe sinadaran ta auna kowanne.

Irin wannan bincike ya nuna cewa estirojin yana rage samar da COMT. Yawan tayiroksin kuwa yana sa zuciyar ɓera gudu ko da katekolamin bai ƙaru a jini ba, saboda yana ƙara yawan maƙallan beta da katekolamin ke kamawa a tsokar zuciya, abin da ya sa likitoci ke ba mutanen da tayiroksin ya yi musu yawa furofanolol, maganin da ke toshe waɗannan maƙallai.