Idan Ƙwaƙwalwar Mota Ta Yi Shiru

'Yan'uwa ɗalibai, ga darasin da na koya a gareji bayan ambaliyar Alau ta 2024. Mota mai fetur da lantarki, irin Toyota Prius, kwamfutocinta na magana da juna ta wayoyi biyu. Idan sikana ta nuna U0100, an daina jin ƙwaƙwalwar inji ke nan. Kada a gaggauta sayen sabuwa. Nakan fara duba ƙaramin batir da fiyus. Sannan in cire batirin, in auna ƙafa ta 6 da ta 14 a soket ɗin sikana: om 60 lafiya, 120 layin ya yanke. Motar da na duba, tsatsa ce kawai ta ci mahaɗa. Amma a kiyayi wayoyi masu ruwan lemo, wutarsu tana kisa.