Ƙofa Mai Duba Tikiti

A birnin Landan, can ƙasar Ingila, akwai jiragen da ke bi ta ƙarƙashin ƙasa. An fara su tun cikin 1863. A da, ma'aikaci ne kan tsaya bakin ƙofar tasha yana duba tikitin matafiya ɗai ɗai. In jama'a ta yi yawa sai a yi ta cunkoso, waɗansu kuwa su sulale ba su biya ba.

Cikin 1964 aka gwada wata ƙofa mai aiki da kanta a tashar Stamford Brook. Ga yadda irin ƙofofin nan ke aiki. A bayan tikiti akwai baƙin layi na maganaɗisu, watau nan aka ɓoye bayanin tafiyar. Matafiyi ya zura tikitinsa cikin wata 'yar kafa, na'ura ta karanta. In daidai ne, sai ƙyamare su buɗe ya wuce, sa'an nan su rufe. In kuwa ranar tikitin ta wuce, ƙofa ba ta buɗewa.

Cikin 2003 aka fito da kati mai suna Oyster. Mutum ya zuba masa kuɗi, ya ɗora shi bisa na'ura wajen shiga da wajen fita, ita kuwa ta lissafta kuɗin tafiyarsa ta cire.

To, yara, da kuɗin tikiti ake biyan ma'aikata, a kuma gyara hanyar jirgi. Wanda ya sulale ya ci haƙƙin jama'a.

Tambayoyi
1. Ina aka gwada ƙofar nan cikin 1964?
2. Me ake yi da kuɗin tikiti?