Amsoshin Tambayoyinku: Yaya Aka San Shekarun Duniya?

Wani ɗalibin sakandare daga Damagaram ya aiko yana tambaya: malaminsu na bayoloji ya ce duniya ta kai shekara biliyan 4.5, to wa ya ƙirga, alhali babu wanda yake nan a lokacin?

Madalla da wannan tambaya, malam ɗalibi. Amsar tana cikin duwatsu. Akwai sinadarin yuraniyom da ke rikiɗa a hankali ya zama dalma, kuma saurin rikiɗar ba ya canzawa: rabin nau'in yuraniyom-238 yakan koma dalma cikin shekara kusan biliyan 4.5. Idan aka auna yawan kowannensu a cikin dutse, sai a lissafa shekarunsa. A 1956 masanin Amurka Clair Patterson ya auna dalmar duwatsun da suka faɗo daga sararin samaniya, ya samu biliyan 4.55.

Kafin nan fa an yi ta kuskure. A ƙarshen ƙarni na 19, Lord Kelvin, babban masani a Birtaniya, ya ce shekarun ba su wuce miliyan 20 zuwa 40 ba. Da sababbin hujjoji suka bayyana, aka ajiye lissafinsa, duk girman sunansa.

Kada ka haɗa wannan da gwajin kabon-14 da ake yawan ambata. Shi iyakarsa wajen shekara 50,000. Ƙasusuwan dinoso da aka tono a Gadoufaoua, can jihar Agadas, sun kai shekara miliyan 110, sun fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.