Filin wasan yaƙi a bisa tebur

A ƙasashen Turai da Amurka akwai wani wasa da yara da manya ke yi a bisa tebur. Suna jera ƴan sojojin roba ko na dalma, kowa da rundunarsa. Da hannu ake tura sojan, ana auna tafiyarsa da zare ko da ma'auni. Amma kafin a ajiye soja ko ɗaya, sai an gina fili: tudu, kwari, gulbi, kurmi da gidaje. In tebur fayau yake, ba wurin ɓuya, ba wurin kewayawa, dabara ba ta da amfani. Mai yawan sojoji shi zai ci kullum.

Wasan ya daɗe. A Purusiya, wata tsohuwar daula ta Jamusawa, wani mutum mai suna Raiswits ya fara shirya shi cikin rairayi. Yana tara rairayi mai laima ya yi tudu, ya ja layi ya yi gulbi. Sai dai rairayi in ya bushe rushewa yake. A shekara ta 1812 ya kai wa sarki Firedirik Wilhelm na 3 wani tebur mai aljihuna. A ciki akwai ƴan fale-fale masu tauri, masu kusurwa huɗu. Wani da tudu a kansa, wani da hanya, wani da gulbi. Ana harhaɗa su yadda aka so, gobe a sake wani fili dabam. A 1824 ɗansa, wanda hafsan soja ne, ya bar fale-falen ya koma ga taswira ta gaske. Rundunar Purusiya ta karɓi wasan don koyar da hafsoshi.

A Ingila kuma, marubuci H. G. Wels ya fitar da littafin Little Wars, wato ƙananan yaƙe-yaƙe, a 1913. Shi a ƙasan ɗaki yake wasa, ko a bisa ciyawa. Yana ɗora alluna bisa juna su zama tudu, ya huda su ya kafa rassa su zama itatuwa, ya zana gulbi da alli. Ya kuma kafa wata doka mai kyau: mutum ɗaya ya shirya fili, ɗayan ya zaɓi gefen da zai tsaya. Mai shiri ba ya iya tara wa kansa tuddai, don bai san inda zai faɗa ba. Haka yara biyu ke raba ƙosai: wannan ya raba, wancan ya fara ɗauka.

Abin da ya fi wuya a aikin nan shi ne lissafin girma. Akwai sojojin roba da ake yi a ma'aunin 1/72. Ma'anarsa, an rage mutum sau 72. Mutum mai tsawon metir 1 da santimetir 80 ya koma santimetir 2 da rabi. To, dole kome ya bi shi. Soro mai metir 3 da santimetir 60 zai zama santimetir 5. Itace mai metir 7 zai kusa santimetir 10. In ƙofar gida ta tsaya a ƙugun soja, ko yaro ƙarami ya san an yi kure.

Ga kuma wata matsala. Teburin da aka saba wasa a kai yana da tsawon santimetir 180, faɗi 120. In an riɓa 180 sau 72, bai cika metir 130 ba. Ƴar gona ce ke nan, ba fagen fama ba. Taswirar ɗan Raiswits kuwa 1/8000 ce: santimetir 1 yana daidai da metir 80, tebur guda ya haura kilometir 14. Saboda haka ƴan wasa sukan yi yarjejeniya tun farko. Gida uku su tsaya a madadin ƙauye, itace biyar a madadin kurmi.

Ba sai an sayi kome ba. Tudu da kwali ake yin sa: a yanka falle uku ko huɗu, na ƙasa ya fi na bisa faɗi, a manna su kamar matakala. Tudun yumɓu mai santsi ya fi kyan gani, amma soja ba ya tsayawa a kansa, sai ya gangaro. A shafa ƙaro da aka jiƙa, a barbaɗa rairayi, a bari ya bushe. Gidaje da rumbuna kuwa da yumɓu, a cuɗa shi da ƙaiƙayi, a shanya a inuwa don kada ya tsage. Sillen kara ya isa danga, tsumma shuɗi ya isa gulbi. Kurmi a shimfiɗa masa ƙyalle kore, a ɗora ƙirare a kai, don kowa ya ga iyakarsa. Wannan ƙyallen yana kashe gardama da yawa.

In an gama, mai shiri ya durƙusa, ya sa idonsa daidai da kan soja, ya duba. In yana hangen tebur daga wannan baki har wancan, sai ya ƙara tudu ko gida a tsakiya. In kuma kadarko ɗaya ne kawai bisa gulbi, duk sojoji can za su cunkushe. Sai ya buɗe mashigi na biyu.

Tambayoyi

1. Don me Raiswits ya bar rairayi?
2. Wace doka Wels ya kafa game da shirin fili?
3. Rumbu mai tsawon metir 2 da santimetir 16, santimetir nawa zai zama a ma'aunin 1/72?
4. A taswirar 1/8000, santimetir 25 kilometir nawa ne?