Jinkirin Haihuwa: Kada a Ɗora wa Mace Laifi Ita Kaɗai

'Yan'uwa, a gidaje da dama a Sakkwato, in shekara ta zagayo amarya ba ta yi ɓatan wata ba, sai dangi su sa mata ido. Wannan kuskure ne. Ciki na shiga ne idan maniyyin namiji ya haɗu da ƙwan mace, don haka matsalar na iya fitowa daga kowannensu.

Uwargida, ki riƙa lura da kwanakin al'adarki, domin ƙwai kan fito kimanin kwana 14 kafin al'ada ta gaba. Ki guji cusa haɗe-haɗen maganin mata, suna iya jawo cuta.

Maigida, in an shekara shiru, ku tafi tare Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a duba ku duka. Gwajin maniyyi ba abin kunya ba ne.