Darasi: Zayyana da Yadda Ake Sayar da Ita

Zayyana ita ce adon da ake zanawa a kan allo ko takarda. An fi ganin ta ranar saukar Alƙur'ani, lokacin da ɗalibi yake riƙe da allonsa mai ado da ja da rawaya da kore. Wasu kuma suna saye don su rataya a ɗaki ko a shago. Namiji ko mace, duk mai haƙuri zai iya koyo.

Kayan aikin ba su da yawa: allo, alƙalamin kara, tawada, launi, fensir da rula. Masassaƙa sun fi yin allo da itacen aduwa. Tawada kuwa da gawayi da ƙaro ake haɗa ta, kuma ƙaron ne yake sa ta kama allo. Kada ka fara koyo a kan allo, domin da kuɗi ka saye shi. Nemi tsohon kwali, ka yi ta jan layi da da'ira da dagi har hannunka ya faɗa.

Inda masu koyo suke faɗuwa shi ne wajen kuɗi. Mutum zai kwana biyu a duƙe, sai kunya ta sa ya ce wa mai saye, “Kawo abin da ya sawwaƙa.” Wannan yana ba ni takaici ƙwarai, domin wahalarsa ya bayar kyauta. Ka sayi littafi, ka riƙa rubuta duk abin da ka kashe. Ga misali: allo naira 2,000, launi naira 500, kuɗin mota naira 300. Jimla naira 2,800 ke nan. Idan ka yanka wa kanka ladan naira 2,000 a yini, kwana biyu sun zama naira 4,000. Ka ga allon ya tsaya maka a kan naira 6,800. Ɗora wani abu a kai saboda ciniki. In an taya ƙasa da haka, ka ce albarka, cikin fara'a.

Idan wani ya ba ka aiki, karɓi kafin alƙalami wanda zai isa sayen kaya. Ka sa ya faɗi sunan da za a rubuta, ka karanta masa ya ji. In akwai aya, malami ya duba kafin ka sa tawada. Ranar da ka yi alkawari kuma, allo ya kasance ya bushe.

Masu saye na farko suna kusa da kai. Malaman makarantun allo da na Islamiyya sun san ɗaliban da suka kusa sauka, sai ka kai musu samfuri su gani. Ɗauki hoton aikinka da rana, a inuwa, ka sa a WhatsApp. In kana kusa da Kano, shiga Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, ka ga aikin gwanaye, ka tambayi farashi. 'Yan kasuwa kuɗin sari za su ba ka, don haka ka yi lissafi kafin ka sallama. A bayan kowane allo ka rubuta sunanka da lambar wayarka.

Aiki: Ka kashe naira 3,100 a kan kaya, ka yi aikin kwana uku, ladan yini naira 2,000. Nawa allon ya tsaya maka?