Dashen Sassan Jiki da Sankarar Fararen Ƙwayoyin Jini

A shekarar 1954 ne likita Joseph Murray ya yi dashen ƙoda na farko da ya yi nasara, a birnin Boston na Amurka. Mai bayarwa da mai karɓa tagwaye ne masu kama ɗaya, don haka jikin majinyacin bai ƙi ƙodar ba. Ga sauran mutane kuwa, garkuwar jiki takan ɗauki sabuwar ƙoda a matsayin abokiyar gaba. Wajibi ne wanda aka yi wa dashe ya riƙa shan magungunan dakushe wannan garkuwa muddin ƙodar tana jikinsa. To, a nan gizo ke saƙar.

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na baligan duniya suna ɗauke da wata ƙwayar cuta mai suna Epstein-Barr, wadda ke yaɗuwa ta yawu, galibi tun ana yara. An gano ta a Landan a 1964, cikin tsokar da aka aiko daga Yuganda ta sankarar muƙamuƙin yara, wadda ake samu har a Nijeriya. Idan ta shiga jiki ba ta fita. Takan laɓe cikin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira ƙwayoyin B, tana ingiza su su yi ta hayayyafa. Abin da ke taka mata birki shi ne ƙwayoyin T, waɗanda ke sintiri suna kashe duk ƙwayar B da ta kangare.

Waɗannan ƙwayoyin T ɗin su ne kuma ke kai wa sabuwar ƙoda hari, su ne maganin dashe ke kwantarwa. Da zarar masu gadi sun yi barci, sai ƙwayoyin B su yawaita babu kaidi. Wani lokaci abin ya tsaya ga kaluluwa da zazzaɓi da rama. Wani lokaci ya rikiɗe ya zama sankara sosai, a hanji ko ƙwaƙwalwa ko cikin abin da aka dasa. Haɗarin ya fi yawa a shekarar farko, musamman ga yaron da bai taɓa kamuwa da ƙwayar ba sai aka dasa masa sashen jikin mai ɗauke da ita. Dashen hanji da na huhu sun fi na ƙoda haɗari.

Maganin farko yana da ban mamaki: rage magani. A 1984 Thomas Starzl da abokan aikinsa a Pittsburgh suka nuna cewa idan aka sassauta wa garkuwar jiki, kumburin yakan saɓe da kansa. Sai dai gaba kura ce, baya sayaki, domin garkuwar da ta farka tana iya lalata ƙodar. Idan hakan bai wadatar ba, akan yi amfani da rituximab, maganin da ke kashe ƙwayoyin B, ko a haɗa da magungunan sankara. A 2022 Tarayyar Turai ta amince da wata hanya ta ɗura wa majinyaci ƙwayoyin T na wani mai lafiya, waɗanda aka horar su farauci ƙwayoyin da Epstein-Barr ta shiga kaɗai.